Dan Allah a daina kankare tukunya da wuƙa

Wallahi abin nan yana damuna, duk gidan da ka shiga nan Gusau da hantsi sai ka ji ƙarar cokali cikin tukunya, ƙarat ƙarat, an zaunar da yarinya tana fama da shinkafar jiya da ta kama. Tukunya kuma yanzu ba arha ba, kowa ya san yadda kaya suka yi a kasuwa, amma mu da hannunmu muke cinye mata gindi. Duk inda wuƙa ko soson waya ya karce, nan abinci zai riƙa maƙalewa gobe, ta sake kamawa a sake kankarewa, har ranar da za ki ɗora ruwa ki ga yana ɗiga cikin murhu.

Ba ƙanzo nake nufi ba fa. Ƙanzon tuwo mai kyau a yayyafa mai ruwa kaɗan a rufe, da kanshi yake tashi, a shanya a yi kwaɗo da ƙuli, wannan abinci ne. Ina magana kan baƙin da ya zama gawayi, wanda ƙaurinshi ke kaiwa har zaure.

Irin wannan ruwan zafi yake so da lokaci. Ki kwashe abin da ya kwasu, ki bar tukunyar ta huce tukuna, kar ki sheƙa mata ruwan sanyi tana da zafi, ta silba mara kauri lanƙwashewa take yi, ta ƙasa kuma tsagewa. Sai ki zuba ruwa ya rufe wurin ƙunar, ki sa ɗan omo, ki mayar kan wuta ya tafasa kamar minti 15. Tun tana kan wuta ki sa muciya ki ɗan tura gindin, za ki ga baƙin yana ɓarewa falle-falle yana tasowa sama. In ya yi taurin kai a bar shi ya kwana a jiƙe, da safe soson buhu ma ya isa.

To sai maganar kanwa, nan ne mata da yawa ke ruɗewa. Kanwa da toka da bekin soda duk dangi ɗaya ne, suna cin maiƙo sosai, shi ya sa iyayenmu ke wanke kaskon suya da toka ya fita tas. A tukunyar sitil babu matsala. Amma alminiyam ba ta shiri da su, in kika tafasa kanwa a ciki sai ki ga cikin ya yi duhu ya dushe, ki ɗauka datti ne ki ƙara dirzawa. Ita tsami ke haskata. Ki jefa tsamiya ko ki matse lemun tsami cikin ruwa ki tafasa kaɗan, ki zubar, ki ɗauraye, sai ki ga ta yi fari kamar ranar da aka kawo ta cikin jere.

Sai dai a kula da manyan tukwanen nan na maƙera da ake girkin biki da suna a ciki. Tarkacen ƙarfe ake narkawa a zuba su, gwangwani, tsofaffin kayan mota, duk abin da aka samu, kuma an gwada irinsu a wasu ƙasashen Afirka an samu wasu na sakin dalma cikin abinci, musamman in da tsami a ciki. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, mun ga abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wancan daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ya fito, ba daga tukunya ba, amma gubar ita ce dai, kuma yara ta fi yi wa illa. Don haka ni ba na barin kunun tsamiya ko zoɓo ko miyar yakuwa su kwana a irin wannan tukunya, a juye a roba ko kwanon sitil, kuma ba na so a yi ta goge cikinta har sabon ƙarfe ya fito.

Bayan tukunya kuwa, mai girki da icce ta riga ta san dabarar, a kwaɓa toka da ruwa ko a dama omo da kauri a shafe bayan kafin a ɗora, hayaƙin sai ya zauna kan shafin, ana zuba ruwa ya bi. Nan waje in kin ga dama ki sa yashi ki dirza, ba abinci ke taɓa wurin ba.

Masu kaskon nan na zamani mai baƙin shafi a ciki wanda ba ya kamu, dan Allah ko cokalin ƙarfe kar ya shiga, ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi kawai, in shafin ya fara ɓarewa to ya gama aiki. Tandar masa ita ma kar ki ce sai kin ga ta yi fari, wannan baƙin man da ya zauna cikin gurbin shi ke sa masa ta juyu ba ta yage ba, ki goge da tsumma mai tsabta ki shafa ɗan man gyaɗa ki kife ta.