Gidan da Muka Gina da Jar Ƙasa a Kano

Fulotin namu ƙafa 50 ne a 100, a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Kano, inda kowa ke rige-rigen ɗora bene mai gilashi tun daga sama har ƙasa. Ni kuwa na daɗe a gidan haya irin wannan, na san yadda ɗaki ke komawa tanderu a watan Afrilu idan zafi ya haura maki 40 aka kuma ɗauke wuta. Shi ya sa da na je wurin mai zanen gida na ce masa buƙatata ɗaya ce: gidan da za a iya barci a ciki ko da babu wuta.

Bai ɗauki biro ba sai da ya zo ya taka filin, ya duba inda rana ke faɗuwa da inda hadari ke tasowa. Daga nan ya nuna mini makarantar da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001, mutumin da ya ci lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022. Kwanon rufin a ɗage yake, bai zauna a kan ɗakunan ba, iska na ratsawa ta tsakani tana kwashe zafi. Ya kuma nuna mini rukunin gidajen Niamey 2000 da Mariam Kamara da abokan aikinta suka yi a Yamai, da masallacin garin Dandaji na Nijar da aka kammala a 2018, dukansu an gina su da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Abin ya burge ni, amma ban sakankance ba sai da na shiga Gidan Makama, tsohon ginin ƙasa da ke cikin birnin Kano, da tsakar rana na ji sanyin da kaurin bango kaɗai ke bayarwa.

Fandisho da bulon siminti muka yi shi har zuwa difisi, wato shimfiɗar da ke hana danshi hawa bango, domin ruwa shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Daga nan sama sai jar ƙasa da aka tankaɗe, aka sa mata siminti kaɗan, aka matse, aka lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa har bulon ya yi ƙwari. Nan ne aikin ya ci lokaci. Birkilolinmu sun saba da bulo mai inci 9 da filasta ke rufa wa asiri, wannan kuwa tsirara ake barinsa, duk layin da ya karkace kowa zai gani. Babban maginin, wani dattijo, ya kalle ni ya ce, "Alhaji, yanzu da kuɗinka da komai za ka koma ginin ƙasa?" Na ce, "Baba, a dai ɗora mu gani." Kafin a kai linta shi da kansa yake rushe layi idan yaro ya yi masa ha'inci.

Manyan tagogi duk kudu da arewa suke kallo. Bangon yamma bayi da sito muka jera a jikinsa, su sha ranar la'asar a madadin ɗakunan kwana. Na gabas kuma, da yake daga can ruwan sama ke bugowa, shi kaɗai muka yi wa filasta ta waje. Maƙwabta sun so in yi ɓoyayyen rufi, wanda bango ke tashi ya rufe kwano, wai ya fi tsari. Na ƙi. Na ga yadda indararonsa ke toshewa da ƙura da leda, ruwan farko ya sauka a kan silin. Namu kwanon ya leƙo waje sosai, yana yi wa bango inuwa, ga kuma sola a kansa.

Gyaran da ya fi amfani daga Hajiya mahaifiyata ya fito. Da ta ga zanen farko sai ta tambaya ina za a yi daka, ina za a girka tukunyar suna. Shi ke nan aka rage falo, aka fitar da tsakar gida da rumfa da wurin murhu a bayan kicin. Falon baƙi muka ba shi ƙofarsa daga waje kamar zaure, baƙo ya shigo ya fita bai ga cikin gida ba. Masai kuma aka juya shi kada ya fuskanci alƙibla.

Wanda ke tunanin ginin ƙasa araha ne ya sake lissafi. Abin da muka rage a siminti da fenti, ladan aiki da ƙarfen ɗage rufi sun cinye mafi yawansa. Ribar sai an tare take fitowa: da bazara fanka ta ishe mu, batirin sola na kai mu asuba.

Ƙananan kafofin da muka bari a saman bango don zafi ya fita su ne suka zo da nasu aikin. Da hunturu ya kama, ƙura ta riƙa shigowa ta nan har kan gado. Kafinta ya yi musu raga da murfin katako, muna rufewa daga Disamba, mu buɗe idan zafi ya fara a Maris.