Bayan Ɗakunan Baƙi Nake Fara Zagawa

Karo na farko da na nemi masaukin da ake cewa yana kula da muhalli, hoto ne ya ruɗe ni. Bukkoki masu rufin ciyawa, itatuwa ta ko'ina, ga koren ganye a jikin tambarinsu. Na biya kuɗin kwana uku. A banɗaki na tarar da ɗan kati yana roƙona in maimaita tawul domin a tattala ruwa, har na ji daɗi. Da dare ya yi, ƙarar janareta ta hana ni jin kukan ko tsuntsu ɗaya har asuba. Da safe na bi warin hayaƙi na zaga baya, sai ga rami cike da robobin ruwa ana ƙonawa, ruwan wanki kuma yana bin kwata kai tsaye zuwa rafin da muka zo kallo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Daga baya na karanta cewa irin wannan katin tawul ne ya sa wani ɗan rajin kare muhalli na Amurka, Jay Westerveld, ya raɗa wa wannan yaudara suna a 1986: shafa wa kasuwanci koren fenti alhali cikinsa bai canza ba.

Da zan sake tafiya, wannan karon bakin teku inda kunkuru ke yin ƙwai, sai na aika da tambayoyi uku kafin in biya ko sisi. Daga ina wutarku take? Ina ruwan ƙazanta yake zuwa? Su wa ke aiki a wurin? Masauki biyu suka amsa da kalamai masu daɗi marasa kan gado. Na uku ya faɗa mini yawan farantan sola da ke kan rufinsu, ya kuma gargaɗe ni cewa babu na'urar sanyaya ɗaki, kuma idan hadari ya kwana biyu ruwan wanka ba zai yi zafi ba. Wanda ya faɗi aibinsa na zaɓa.

Daren farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Fanka ce kawai da gidan sauro. Amma an gina ɗakin da tagogi suna fuskantar juna, rufin ya yi tsawo, kafin tsakar dare iskar teku ta ratsa har na ja mayafi. Dattijon da ke kula da wutar ya nuna mini ɗakin batura washegari. Ya ce ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki tana cin wajen wat 1,000, fanka kuwa ba ta kai 100 ba, don haka ɗaki ɗaya mai sanyi zai shanye abin da ɗakuna goma ke kwana da shi. Na ce, "Baba, ruwan wankanmu fa?" Ya ce, "Zo ka gani, Malam."

Wannan wurin ne ya fi zama mini a rai. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana fara faɗawa cikin ƙaramin tanki inda maiƙo ke tasowa a kwashe, sannan ya ratsa wani dogon kwami mai tsakuwa da yashi da aka shuka ciyayin fadama a kai. Saiwoyin da ƙwayoyin halittar da ke manne da tsakuwar su ke cinye dattin. Na durƙusa a ƙarshen kwamin na tara hannu: ruwa garau, babu wari, yana gangarawa gindin ayaba. Shi ya sa suka roƙe mu mu yi amfani da sabulun da suka ajiye, domin mai sinadari da yawa yana kashe aikin. Masai ma ba na ruwa ba ne. In ka gama ka zuba ludayin garin katako, bayan watanni ya zama taki. Na shiga da ƙyanƙyami, na fito ina lissafin lita shida da muke turawa duk lokacin da muka ja ruwa.

Da dare ba a kunna farin fitila ta ɓangaren teku, tocilar da aka ba mu ma ja ce. Ƴaƴan kunkuru suna ƙyanƙyashewa bayan kimanin wata biyu a cikin rairayi, kuma hasken da ke kan ruwa suke bi. Kwan fitila ɗaya a baranda ya isa ya juya su zuwa tudu su mutu. Matashin da ya raka mu ɗan ƙauyen ne, ya ce a da ƙwan suke tonowa su sayar, yanzu gadinsu ne ke ciyar da gidansu. A ganina masaukin da maƙwabtansa ba su ƙaru da shi ba, dajin ko gaɓar da yake taƙama da ita ba za ta daɗe ba.

Takardar shaidar kula da muhalli tana taimakawa. Akwai Green Key da aka fara a Denmak a 1994, akwai kuma ƙa'idojin GSTC, wato majalisar duniya mai kula da yawon buɗe ido mai ɗorewa, da suka fito a 2008, ina dubawa. Sai dai ƙananan masaukai da yawa ba su da kuɗin tantancewa, don haka rashinta ba ya sa in juya baya.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe ido ne ke da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma sufuri ne ke kan gaba. Jirgin da ya kai ni ya fi duk abin da na tattala a mako guda. Tun daga nan na rage yawan tafiye-tafiye, in na je kuma ina daɗewa a wuri ɗaya, kuma ranar da na sauka, kafin in kwance jaka, nakan roƙi a zaga da ni bayan ɗakuna.