Kunyar da ta kusa raba ni da aikina

A shekarar 2021 na fara aiki ta intanet daga ɗakina da ke Anguwan Rogo a Jos, da wani kamfani wanda shugabar sashenmu take Jamus, sauran abokan aiki kuma suna Indiya da Kenya. Ƙannena masu neman irin wannan aiki, kuskuren da ya fi ƙona mini rai ba na rashin iya aiki ba ne, na kunya ne.

A wani taro da muka yi ta Zoom, shugabar ta tambaye ni ko zan miƙa rahoto ranar Alhamis, 22 ga Yuli. Na san Babbar Sallah ta faɗo ranar Talatar makon, ga layya, ga ziyarar dangi, amma tarbiyyar gida ta hana ni duban babba in ce ba zan iya ba. Sai na ce zan duba. A wurinmu duk mai hankali ya san wannan amsa uzuri ce da aka lulluɓe da kara, ita kuwa ta rubuta ta a matsayin alkawari. Ranar Alhamis abokin aikina na Indiya, wanda agogonsu ke gaban namu da awa huɗu da rabi, ya zauna har tsakar dare yana jiran abin da ko farawa ban yi ba, ni kuma nauyi ya hana ni buɗe saƙonninsa. Har yau abin yana damuna, domin na ci haƙƙin mutumin da bai yi mini komai ba.

Washegari ta aiko da saƙo mai layi biyu, babu ko gaisuwa, tana tambayar dalilin da ya hana ni faɗa tun da wuri. Na ɗauka raini ne, na kwana ina jin zafi, sai daga baya na fahimci cewa haka take rubuta wa kowa, kuma amsa kawai take nema.

Saboda haka ku sanar da shugabanninku da abokan aikinku ranakun Sallah da lokacin Juma'a tun makonni kafin su zo, domin mai yiwuwa kalandarsu ba ta ɗauke da su. Idan an ɗauke wuta ko data ta ƙare, ku aika da saƙo ta waya nan take. Ku kula da agogo kuma: Jamus tana ƙara awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a ƙarshen Oktoba. Ni dai yanzu ba na tashi daga taro sai na rubuta abin da na ɗauka da ranar da zan miƙa shi, na tura wa kowa ya gani.