Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsayuwar da ta jawo mini suna a dangi

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda kwantenar nan ta shige hannun ejan, kuma na ga masu tambaya ko kuɗin sun fito. Ba su fito ba har gobe, dan Allah a bar tambayar nan. Yau zan taɓo maganar da nake ta kewayewa tun kashi na 9, wato yadda aka yi aka ce wai na shiga addinin mutanen China. Wanda ya ƙulla maganar yana karanta wannan rubutun, na sani, domin shi ne farkon mai leƙawa duk mako ko da yake bai taɓa cewa uffan ba. To ɗan Kawu, gyara zama.

Sai na koma baya kaɗan tukuna. Tun ina yaro Baffa yana da wata magana da yake jifana da ita, in mun idar da sallar magariba a masallacin ƙofar gida ya juyo ya same ni ina mutsu-mutsu tun kafin ya gama lazimi, sai ya ce "kai dai jikinka na masallaci, zuciyarka na Kwari". Lokacin ko shago ban da shi a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, ɗan aike ne kawai a wurin Alhaji Babba, ina ɗaukar atamfa daga wannan layi zuwa wancan. Haushi maganar take ba ni sosai, don a gaban mutane yake faɗa.

Shekarar 2009 ce, kuma duk wanda ya zauna birnin Gwanzu na ƙasar China a lokacin ya san irin zaman da muka yi. Tun wasannin Olamfik na 2008 aka matse biza, ga kuma gasar ƙasashen Asiya tana tafe garin a 2010, 'yan sanda na bi otal-otal da kasuwa suna duba fasfo. A watan Yuli na shekarar ne ma 'yan Afirka suka taru a gaban wani ofishin 'yan sanda bayan wani ɗan Najeriya ya faɗo daga bene yana gudun masu binciken takardu. Ni bizata saura kwana kaɗan, kuɗin mutane sun nutse, ciki har da na Hajiya da ta sayar da sarƙarta, waya kuwa in ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Barci ya ƙaurace mini, na yi kusan wata biyu ban haɗa awa uku a jere ba. Ɗakin da muke haya a unguwar Xiaobei mu huɗu ne a ciki, ga zafin garin nan mai danshi da rigarka ba ta bushewa, ga minsharin mutum ɗaya da ba zan faɗi sunansa ba saboda zumunci.

To in na yi asuba sai in fita da ƙafa in shiga lambun Yuexiu, ba nisa daga wurinmu, lambun nan mai mutum-mutumin awaki biyar da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa. Da sassafe tsofaffi ne fal a ciki, wasu na rawa da rediyo, wasu na wasa da takobi a hankali kamar a cikin ruwa suke, wasu na tafiya da baya da baya suna tafa hannu. Ni dariya ma suke ba ni da farko. Amma akwai wani dattijo siriri da farar singileti, kullum a gindin bishiya ɗaya, shi ba ya komai, tsaye kawai yake, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaban ƙirji kamar ya rungumi randa, ido rabi a rufe. Na taɓa duba agogo, minti arba'in bai motsa ba, sauro ya sauka a kafaɗarsa ya sha ya tashi.

Rana ta huɗu ko ta biyar ya yafuto ni. Ni yarensu iyakata kuɗi da "ya yi tsada", sauran da kalkuleta muke yi, shi kuma ba ya jin Turanci. Ya nuna idona, ya kwantar da kansa a tafin hannu, ya girgiza kai, wato ba ka barci. Na ce eh. Ya taka ƙafata ya ware ta daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan buga bayan gwiwata, ya ɗaga hannuwana, ya danna kafaɗata ƙasa, ya sa yatsu uku a ƙasan cibiyarsa ya nuna mini cikinsa na kumbura yana saɓewa. Wallahi ban yi minti uku ba cinyata ta fara rawa kamar mazari, ni da nake ɗaukar bandir biyu a ka. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan kwana biyu na jawo wani yaro ɗan Maraɗi da ke karatu a garin, shi ke mana tafinta a kasuwa, na saya masa taliyar Musulman nan na arewacin China a matsayin lada. Ta bakinsa na ji sunan abin, zhan zhuang, wai tsayuwar turke. Wurin nan na ƙasan cibiya sunansa dantian, a nan suke cewa ƙarfin jiki ke taruwa, ƙarfin kuma shi ne chi, kalmar da ke nufin numfashi ko iska amma su sun ɗauke ta abin da ke gudana a jiki ta wasu hanyoyi. Ya ce mabiya Tao, wani tsohon addinin China, suna lissafa abu uku a jikin mutum, jing da chi da shen, kamar a ce ruwan jiki da numfashi da ruhi, ana tace na farko ya koma na biyu, na biyu ya koma na uku. Har da wata hanya da suke cewa ƙarfin na hawa ta ƙashin baya ya bi ta tsakar ka ya sauko ta gaba, shi ya sa ake manna harshe a dasashin sama don a haɗa hanyoyin biyu. Ni dai gaskiya ban taɓa jin wani abu ya hau bayana ba sai gumi. Abin da na ji shi ne tafin hannuna na ɗumi yana tsitstsira, kuma a mako na biyu na dawo ɗaki na kwanta na yi barci har azahar ta kusa kuɓuce mini.

Tun ranar farko na sa yaron ya gaya masa ni Musulmi ne, ba na rusuna wa kowa, ba na ƙona turare wa gunki, ba na maimaita kalmar da ban san ma'anarta ba. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma ba limamin kowa ba ne, ma'aikacin masana'anta ne da ya yi ritaya, ciwon ciki ya sa ya koya. Ya ƙara da cewa tun 1999 da gwamnati ta haramta ƙungiyar Falun Gong, mai haɗa motsa jiki da aƙida, kowa a lambun nan ya iya bakinsa, motsa jiki kawai ake yi, ba wa'azi ba ƙungiya. Wannan maganar na maimaita ta a gida ya fi sau ashirin, babu wanda ya saurara.

Abin da ya fi kama ni ma ba tsayuwar ba ce, ƙirgen numfashi ne, wanda tsohon ya ce na mabiya addinin Buddha ne. Ka zauna, duk fitar numfashi ka ƙirga ɗaya, har goma, in tunani ya ɗauke ka ka koma ɗaya. Ku gwada yanzun nan ku gani. Ni ban taɓa wuce huɗu ba a makon farko, ɗaya, biyu, sai ga fuskar ejan, in dawo, ɗaya, biyu, uku, sai ga sarƙar Hajiya, sai lissafin dala nawa ce naira kaza. Na gaya wa tsohon, ya ce su suna da karin magana, zuciya biri ce tunani kuma doki. Ina jin haka sai na ji muryar Baffa ras a kunnena, jikinka na masallaci zuciyarka na Kwari. Abin kunya, sai a garin da ba a kiran salla da lasifika na gane shekara nawa na yi ina kabbara ina lissafin yadi. Daga nan na fara lura da kaina a cikin salla, in na tsinci zuciyata a kasuwa in jawo ta, ba don tsohon ya ce ba, shi bai ma san yadda muke salla ba.

Na tuna wani abu, bari in faɗa kafin ya gudu. A 2020 lokacin korona da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya a Gwanzu, ɗan Kawu yana cikin waɗanda suka kwana a titi, kuma ni ya bugo wa waya cikin dare, ni ɗin dai mai bautar gunki, na haɗa shi da wanda ya ba shi wurin kwana. Ko a ranar bai ce yi haƙuri da abin da ya wuce ba. Shikenan, mu koma.

Wata Lahadi tsohon ya ja mu ni da ɗan Maraɗi zuwa haikalin Guangxiao na mabiya Buddha. Na shiga harabar, ban shiga ɗakin gumakan ba, na tsaya daga waje hannuna a aljihu. A nan ya ba mu labarin Huineng, wani mai saran itace da bai iya karatu ba amma ya zama shugaba na shida na ɗariƙar Chan, wadda Japanawa ke kira Zen. Wai a shekarar 676 ya zo wannan haikalin ya tarar da sufaye biyu na gardama a kan tuta, ɗaya ya ce tutar ce ke motsi, ɗaya ya ce iska ce, shi kuma ya ce musu zuciyarku ce ke motsi. A nan aka aske masa kai a gindin wata bishiya, alamar ya zama sufi. Ɗan Maraɗi ya ce wannan ai rainin hankali ne, tuta dai ta motsa. Ni ma na yi dariya, amma labarin ya bi ni har ɗaki.

Haikalin mabiya Tao kuma yana nan gindin tudun Yuexiu, Sanyuan suke ce masa, hayaƙin turare kamar ana gobara. Ana danganta wurin da matar wani malaminsu na da can, Ge Hong, mai neman maganin tsawon rai. Shekaru bayan haka, 2015, ina shago a Kwari na ji a rediyo an ba wata 'yar China Tu Youyou kyautar Nobel saboda maganin zazzaɓin cizon sauro da ta fitar daga wani ganye dangin tazargade, kuma a tsohon littafin Ge Hong ɗin ta samo dabarar jiƙa ganyen a ruwa ba tare da an dafa ba. Na ce wa yaran shago na san unguwar matarsa, suka ɗauka wasa nake.

Kuma duk wannan lokacin Juma'a ba ta taɓa wuce ni ba, a masallacin nan na kusa da lambun muke yi, inda mutanen garin ke cewa kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake, duk da malamanmu sun ce a Baƙi'a aka binne shi. Ɗan Kawu sahu ɗaya muke tsayawa da shi. Ni na biya masa kuɗin jirgi, ni na tsaya masa wurin biza, a katifata yake kwana. Wata safiya ya biyo ni a ɓoye ya ɗauke ni hoto da waya, ina tsaye ido a rufe hannu a buɗe, ga tsoho a gefe, kuma ya rigaye ni komawa Kano da sati uku. Kafin in sauka hoton ya zaga dangi, har gidan su yarinyar da aka kusa sa mana rana. Mahaifinta ya aiko a dakata tukuna. Dakatawar kenan har yau, 'ya'yanta biyar yanzu, Allah ya raya.

Kwana ɗaya da dawowata Baffa ya aiko in zo zaure. Na tarar da shi a kan buzu, Kawu na gefe ya sunkuyar da kai, ɗan Kawu kuwa ba a gan shi ba, wai ya tafi Wudil ɗaurin aure. Baffa ya ce tashi ka yi mini abin da kake yi a can. Na miƙe a tsakar zaure, ƙato da ni, na lanƙwasa gwiwa na rungumi iska, yara na leƙe ta ƙofa. Ya daɗe yana kallona. Ya ce ka yi wa wani sujada? Na ce a'a Baffa. Akwai sunan da kake kira? Na ce babu, ƙirga numfashi kawai nake daga ɗaya zuwa goma. Ya juya wurin Kawu ya ce "to wannan ai tsayuwa ce, ko jaki yana yinta a bakin kasuwa". Kawu bai ce komai ba. Sai Baffa ya sake dubana ya ce amma kada in ƙara jin ka taka ƙofar ɗakin gumakansu, ko harabar ce, na ce in sha Allahu, kuma ban ƙara ba.

Na ɗauka an gama, na durƙusa zan yi sallama, sai ya ce "wato sai da ka je bangon duniya wani tsoho ya gaya maka abin da nake gaya maka tun kana da wando ɗaya". Na ce haka ne Baffa. Ya ce yanzu zuciyar tana ina? Na ce rabi ta dawo. Ya jawo carbinsa ya ce to je ka nemo ragowar.

Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗa a cikinsu, biyan bashi ne kawai. Baffa ya rasu ba tare da ɗan Kawu ya zo gabansa ya janye maganar ba, kuma har yanzu akwai wata gwaggo da in na shiga gidanta sai ta ɗauke butarta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda muka haɗu da ejan ɗin nan a filin jirgin Addis Ababa, da abin da ya fito daga bakina.