Abin da gyaran kwamfuta ya koya min kan monita mai rubuto No Signal

Cikin duk matsalolin da ake kawo mana shago babu mai tada hankalin mutane a banza kamar wannan, a kunna kwamfuta fanka na juyawa fitila na ci, amma monita ta rubuto No Signal ta koma baƙi ƙirin. Mutum zai shigo da ita a hammata yana cewa "Oga monitata ta ƙone", har ya fara tambayar kuɗin wata ta hannu. To ni dai abin da aikin nan ya nuna min shi ne monitar da ta iya rubuto maka saƙo da ranta, wuta na shigarta, gilashinta lafiya lau, hoto ne kawai bai iso mata ba. Galibi mai laifin an baro shi gida a ƙarƙashin tebur.

Oganmu da ya koya mana aiki ba ya barin yaro ya taɓa sukundireba sai ya gama da waya. "Kai, ka duba kebul ɗin?" ita ce tambayarsa kullum, kuma wallahi yana da gaskiya. Kebul ɗin VGA mai shuɗin kai ɗin nan, wanda IBM suka fito da shi tun 1987 kuma har yau shi ne a jikin yawancin kwamfutocin tokumbo da ke ofisoshinmu, fil 15 ne a bakinsa, sirara sosai. Wani ya tura shi a karkace da ƙarfi fil ɗaya ya kwanta, shikenan, ko kala ta rikice komai ya koma ruwan ɗorawa ko hoton ya ɓace gaba ɗaya. Ka ciro shi ka haska da tocilan ɗin wayarka, in ka ga wanda ya lanƙwashe ka tada shi a hankali da tsinken allura, ka mayar ka ɗaure kusoshin nan biyu na gefe da kowa ke ƙyalewa.

Sai maɓallin Source a jikin monitar, tana jiran hoto ta HDMI kai kuma ka jona ta VGA. Wannan minti ɗaya ne. Kwanbatar HDMI zuwa VGA kuma hanya ɗaya take bi, in ka juya ta ba za ta yi ba ko sabuwa ce fil a leda, masu sayarwa da yawa ba sa faɗa maka.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne kwamfuta mai katin girafiks, wato katin da ake ƙarawa don fitar da hoto. Bayanta akwai wajen jona monita a sama jikin madabod, wato babban falle na cikin kwamfutar da komai ke jone a kansa, akwai wani a ƙasa jikin katin, kuma da zarar an sa kati yawancinsu na saman ya daina ba da hoto. An share ɗaki an kwance wayoyi, wajen mayarwa aka cusa a na sama, sai a ce ai shara ce ta kashe kwamfuta.

In duk wannan bai yi ba sai ka danna Caps Lock ka kalli fitilar kibod. In tana kunnuwa tana mutuwa to injin, wato ita kwamfutar kanta, ya tashi, matsalar tana tsakaninsa da monita, gwada danna maɓallin Windows tare da P ko wataƙila hoton na tafiya wani allon da babu shi. In fitilar ba ta motsa ba, injin ne bai tashi ba, a nan ne ake buɗe murfi, kuma a ƙasar nan tamu RAM, wato siririn katin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa, ake fara tuhuma musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Zare wuta daga soket, danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki, sannan ka buɗe maƙalan gefe ka ciro RAM ɗin, ka goge haƙoran nan masu ruwan zinare da kilina irin ta ƴan makaranta, ka mayar ka danna har ka ji ƙas ta gefe biyu. In guda biyu ne gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokacin kuma sai an cire batirin CMOS, ɗan batirin da ke jikin madabod, CR2032 mai kama da kwabo, an bar shi ƴan mintuna kafin injin ya dawo hayyacinsa.

Abin da nake jin haushi shi ne masu cewa kawai a yi fomat, wato a goge komai a sake sa Windows. Kwamfutar da ko tambarin Dell ko HP ba ta nuna ba ai ba ta ma kai ga Windows ba, me za ka goge? Sai in tambarin ya fito sannan allon ya ɗauke ne za a yi maganar direba, wato manhajar da ke sarrafa hoto, ko girman hoton da ya fi ƙarfin monitar, shi ma Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ake fara shiga, ba a taɓa fayil ɗin mutane. Kuma kafin ka ɗauko komai zuwa shago, in kana da talabijin mai HDMI a gida jona kwamfutar a can ka gani, in hoto ya fito to kebul ne ko monitar, injin ka bar shi inda yake.