Fiyano ba kebul: inda aka kwana kan jinkiri

'Yan uwa masu koyo, a zaman da ya wuce mun tsaya ne a kan yadda za a raba fiyano da dogon kebul ɗin nan da yara ke tuntuɓe da shi a filin biki. An gwada hanyoyi uku, kuma ma'auni ɗaya aka ɗora su a kai, wato jinkiri: tazarar da ke tsakanin saukar yatsa kan maɓalli da isowar sauti kunne. Da milisakan ake ƙirga shi, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙasa da 10 yawancin makaɗa ba sa jin komai. Daga 20 zuwa 30 sai ka ji maɓallan sun yi nauyi kamar kana taka laka. Da an haura 50, kai da mai kalangu kun raba hanya.

Ta farko ita ce wadda kowa ke fara zuwa mata, Bluetooth na sauti, irin wanda ake haɗa waya da lasifika. A cire shi daga lissafi. Kafin sauti ya fita sai an matse shi, a tara shi ƙunshi-ƙunshi, can ma lasifikar ta ajiye wani abu a hannu don kada waƙa ta riƙa yankewa. Wannan kan ci milisakan 150 zuwa 250. Ku lissafa: kiɗa mai bugu 120 a minti, kowane bugu milisakan 500 ne, kwatansa 125. Ke nan sautinka zai iso bayan an wuce kwatan bugu. Akwai nau'in aptX Low Latency mai saukowa wajen 40, amma sai mai aikawa da mai karɓa duk suna da shi, kuma 40 ɗin ma da yawa. Alamar Bluetooth da ke jikin wasu manyan fiyano, irin Yamaha PSR-SX900, ta karɓar waƙa ce daga waya, ba ta tura kiɗanka waje ba.

Ta biyu ita ce ta biya buƙata: 'yar na'urar rediyo mai guda biyu da aka yi wa masu jita, mai aiki a zangon 2.4 GHz. Ɗaya a ramin fitar sauti na fiyano, ɗaya a bakin mikisa ko amfilifaya. Boss WL-20, alal misali, jinkirinta milisakan 2.3 ne, tana kai mita 15 idan ba abin da ya shiga tsakani. Marasa suna da ake samu a Sabon Gari wasunsu na aiki lafiya, sai dai abin da aka rubuta a kwali ba hujja ba ne sai an auna.

A nan ne matsalolin suke. Sautin jita rarrauna ne, na fiyano kuwa da ƙarfinsa yake fita, don haka idan ka ƙure murya sai na'urar ta cika ta batse, ka ji ganga na fashewa kamar an yage takarda. Bar muryar fiyano a rabi, ka ƙaro daga mikisa. Sannan na'urar layi ɗaya take ɗauka, fiyano kuwa hagu da dama yake fitarwa. Mai rami biyu, a soka a wanda aka rubuta L/L+R, shi ke haɗe ɓangarorin idan ba a soka komai a ɗayan ba. Ƙananan masu rami ɗaya na PHONES/OUTPUT kuwa, idan ka soka kai-tsaye ɓangaren dama ya tafi, shi ya sa wasu kayan kiɗan ke dusashewa a cikin salo, wato kiɗan rakiyar da fiyano ke kaɗawa da kansa. Maganinsa 'yar mahaɗa mai raba hagu da dama, kowane ɓangare da nasa na'urar, ko a haƙura da ɓangare ɗaya a daidaita kayan kiɗan su zauna tsakiya.

Yankewar sauti kuwa, mutane ne. Jikin ɗan adam ruwa ne akasari, kuma ruwa na shanye wannan zango. Da la'asar fili babu kowa komai lafiya, bayan isha 'yan rawa sun cika tsakani sai sauti ya fara tsinkewa. A ɗaga mai karɓa sama da kawunan jama'a, a jawo shi da guntun kebul a ɗaure jikin dirkar rumfa inda zai hangi fiyano. Katangar ƙasa da ƙyauren kwano ma tarewa suke yi. A ƙauye ba mu da cunkoson Wi-Fi irin na birni, amma wayar da aka kunna wa hotsifot a zango ɗaya take da na'urar, a matsar da ita mita biyu ko uku. Kada a yi caji ana kiɗa, musamman da wutar janareta, ƙugi zai biyo. Batirin kuma ba ya son zafi, kada a bar shi cikin but ɗin babur a rana.

Ta uku ta masu son fiyano ya kaɗa sautin da ke cikin waya ko kwamfuta ce, wato MIDI ta Bluetooth. Ba sauti take ɗauka ba, saƙo ne kawai: maɓalli kaza aka danna, da ƙarfi kaza. A kebul ɗin MIDI na asali, tsarin 1983, saƙon kan ɗauki kusan milisakan 1. Ta Bluetooth ba ya fita nan take, jiran mota yake yi: mafi gajartar tazara tsakanin tashi da tashi milisakan 7.5 ce, wayoyi da yawa kuma 11.25 ko 15 suke bayarwa. Saboda haka wani maɓalli ya tarar da mota a bakin tasha, wani ya jira. Wannan rashin daidaiton ya fi jinkirin kansa damun mai buga ganga da yatsu. A sarewa ko goge ba a ji sosai. Duba bayan fiyanonka: mai zagayayyen rami na fil biyar zai ɗauki 'yar na'urar Bluetooth irin Yamaha MD-BT01 ko CME WIDI Master, daga ramin suke shan wuta. Mai USB TO HOST kaɗai sai UD-BT01, ita kuma sai an ba ta wuta daban. Wasu fawa banki kan kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, a gwada tun a gida.

Sannan manhajar da ke fitar da sautin a wayar ma tana da nata jinkirin, wanda ya danganta da bafa, wato ɗan sautin da take tarawa kafin ta fitar. Bafa mai samfur (gutsuren sauti) 128, idan 48,000 ke wucewa a daƙiƙa, milisakan 2.7 ce, 256 ta ba da 5.3, 512 kuma 10.7. A sauke ta har sauti ya fara ƙaras-ƙaras, sai a koma mataki ɗaya sama. Daga wayar zuwa lasifika dole kebul. Wanda ya sake sa Bluetooth a nan ya koma gidan jiya.

Awon ba wuya. Raba fitar fiyano biyu, ɗaya ta kebul zuwa layin hagu na abin ɗaukar sauti, ɗaya ta na'urar zuwa layin dama, ka ɗauki bugun ganga guda goma, ka buɗe a manhajar gyaran sauti ta Audacity ka faɗaɗa har ka ga farkon kowane bugu. Ratar da ke tsakanin layukan ita ce jinkirin. Idan goman ba su zo ɗaya ba, rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma.

Kafin a ɗora wa na'ura laifi kuma, a auna ƙasa. Sauti na cin kusan milisakan 3 a kowace mita, don haka lasifikar da aka rataya jikin darbejiya mita 10 daga makaɗi ta ƙara masa kusan 29, fiye da ninki goma na abin da WL-20 ke ci. Ƙaramar lasifika a gefen ƙafarka, mita ɗaya, ta kashe wannan. Zama na gaba za a auna masu zangon 5.8 GHz, kowa ya zo da batirinsa a cike.