Wa ya rushe rumfunan?

Talata. Na tashi da fara'a, sanyi ya fara sauka Yamai. Kunu da ƙosai wurin Gwaggo, na fita ban yi minti biyar ba na samu taksi a Wadata.

Aikin da Mushe, malaminmu na aikin jarida, ya ba mu makon jiya ne ya cinye mini wunin: a ɗauki labari guda, a duba yadda kafa uku suka ba da shi. Na zaɓi tada rumfunan bakin titin unguwarmu, tunda a idona aka yi. Jarida ta rubuta da Faransanci, kan labarin yana maganar tsabtace hanya, hoton kuwa titi ne fayau, ba mutum ko ɗaya. A tele, mai ɗaukar hoto ya tsaya bayan katafila, wato kai mai kallo an ajiye ka gefen masu rushewa ba tare da an tambaye ka ba. Muryar mai karanta labari kawai ake ji, masu rumfa bakinsu yana motsi daga nesa. Sai radiyo, da Hausa: an tada masu sana'a, an kwashe kaya, an ja musu kunne. Na ƙirga "an" sau shida. Na ƙara ta huɗu da kaina, saƙon murya na mai tuwon nan da ya zagaye WhatsApp. Ita ba ta ce "an" ba ko sau ɗaya. "Sun zo da asuba, sun rushe mana."

Na ji daɗin kaina sosai. Tambayoyin masanin sadarwa Lasswell na 1948 da muka haddace tun shekarar farko, wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace hanya, ga wa, me ya biyo baya, duk na jera amsarsu. Na rubuta da jan biro cewa "an" mayafi ne, ana lulluɓe wanda ya yi aiki da shi.

Bayan isha na tarar da Kawu bisa tabarma, radiyonsa a gefen kunne kamar kullum, shayi na biyu yana kan gawayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, kun ji labarin rumfuna? Ba su faɗi wanda ya rushe ba, sun ɓoye muku."

Ya rage murya, ya dube ni. "Ni suka ɓoye wa, ɗiyata?"

Na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba, sannan ya ce zamanin mulkin soja na Kunce radiyo guda ce a ƙasar nan, Muryar Sahel, in kana son wata murya sai ka murɗa ka nemo London ko Jamus cikin ƙara. Masu zaman kansu sai bayan taron ƙasa na 1991 suka fara fitowa. "A wannan makaranta muka koyi ji. In aka ce an kama wane, mun san mai kamun. In aka ce an sallame shi daga aiki, mun san daga ina takardar ta fito. Yaron da ke karanta labarin ya san mun sani. Yana da ɗiya da zai ciyar, ya ce 'an', mu kuma mu cika sauran."

Na ce ai wannan tsoro ne. Ya ce wani lokaci tsoro, wani lokaci ladabi. "Gwaggonki in ta ce an dawo, wa take nufi? Ni. Ta ɓoye ni ne?"

Na rasa ta cewa. Gaskiyarsa, "an" ɗinmu yana da aiki fiye da guda, har da kunya da girmamawa, ni kuma na ɗauko awon da aka yi wa Faransanci na ɗora masa. Na tuna da masanin nan Stuart Hall, wanda a 1973 a Birmingham ya yi bayanin cewa mai aika saƙo yana ƙulle ma'ana, mai karɓa kuma shi ke kwancewa: ko ya yarda duka, ko ya ɗauki wani ya bar wani, ko ya juya ta baki ɗaya. Na ci wannan a jarrabawa, amma ban taɓa tunanin mutumin da ake nufi yana zaune tsakar gidanmu da radiyo mai batir ba. Shafi huɗu na rubuta a kan masu magana, ko layi ɗaya ban ba mai sauraro ba.

Da a nan ta tsaya da na kwana lafiya. Sai Auta ya shigo neman cajar waya, na tambaye shi wa ya rushe rumfunan. Ya ɗaga kafaɗa: "An rushe dai." Shekararsa 13. Bai yi makarantar Kawu ba, ba wanda ya koya masa cika sauran. A kunnensa abin ya faru ne kamar ruwan sama.

Shi ke damuna har yanzu. Nan da shekara biyu, in Allah ya yarda, ni ce gaban makirfo. Zan riƙe takarda, Kawu na ji, Auta na ji, mai tuwo na ji. Na gwada faɗin jimlar da sunan mai aikin, a hankali, ni kaɗai a ɗaki, sai na ji muryata ta sauka da kanta.

Wuta ta ɗauke ƙarfe goma sha ɗaya. Alhamis za a karɓi aikin. Na soke layin jan biron, ban rubuta komi a wurinsa ba tukuna.